Hatimin Gidansu

Gidan da aka kai ni aure a Tsohon Birnin Gwari ba su fi kowa rumbu ba, ba su fi kowa karatu ba, amma suna da leɓe, kuma da shi suke taƙama. Wasu ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe kamar an yarfa tawada, a leɓen ƙasa da cikin kumatu, wani har a yatsu. Mu a Kutemeshi tawadar Allah muke cewa mu wuce. Su kuwa hatimi suke kiransa, hatimin gida, wai kakansu ne ya zo da shi, kuma duk wanda ke da shi ba a tambayar ubansa.

Da yaro ya fara tafiya sai Gwaggo, yayar mijina, ta cafke shi ta banye masa leɓe kamar mai cinikin akuya. In ta ga ɗigon ta rangaɗa guɗa. In ba ta gani ba, sai ta ɗaga kai ta dubi uwar yaron. Matan gidan da yawa da kallon nan suka tsufa, domin abin ba kowane ɗa yake kamawa ba, uwa ɗaya uba ɗaya wani ya fito da shi wani ya fito wayam.

Akwai abu na biyu da gidan yake da shi, wannan ba a yi masa guɗa. Ciwon ciki. Shi ya ɗauki uban mijina tun kafin in zo, ya ɗauki ƙanin uban, ya ɗauki wata ƙanwar mijina tana da goyo. Kuma duk wanda ya tafi, sai an nemo macen da za a rataya wa. Wannan kishiyar uwa ce ta yi masa sammu, wancan matarsa ce ta zuba masa wani abu a fura. Ba wanda ya taɓa zama ya lura cewa masu hatimin ne kaɗai ke riƙe ciki. Ni ma ban lura ba, kada in yi ƙarya. Ina can ina jin haushin kallon Gwaggo.

Maganinsu ɗaya ne, wankin ciki. Duk tsayuwar wata, Yaya, babban wan mijina, zai sa a ɗora babbar tukunya a tsakar gida, a zuba filasko da tsamiya da jar kanwa. Kowa ya zo da kofinsa, babba da yaro. In an shanye sai ya buɗe leda ya raba kafso ja da yalo, bibbiyu, irin wanda ake saya a kemis ba tambaya, wai don a kashe ƙwayoyin cuta kafin su yi ƙarfi. Ranar nan ba mai zuwa gona. Gida guda, masai biyu, ga dattijai da gemu suna rawar ƙafa a layi, Yaya yana zaune a kan buzu yana cewa, “Alhamdulillahi, dattin ne ke fita.” Shi kansa ba ya gama faɗa sai ya miƙe da buta.

Mijina mutum ne siriri, marar hayaniya, leɓensa kamar an yi rubutun allo. Ciwon ya daɗe yana zuwar masa yana tafiya. Aka ce basir ne da ya fara ganin jini, aka ƙara masa filasko. Da ya rame aka ƙara kafso. Da damina ta kama ya kwanta, kafin a yanke gero an kai shi. Ni kuma sana'ata daddawa. To ai an samu. Tun ina cikin takaba na fara jin ana cewa abin da aka rufe kwana uku a ɗaki yana wari, wa ya san abin da aka zuba a ciki. Mutanen da suka shekara goma sha tara suna lashe kwano da miyata.

Da na fita takaba na kwashi ƙananan 'ya'yana biyu na dawo cikin garin Birnin Gwari. Ba wanda ya tare ni, su biyun ba su da hatimi, an ma ji daɗi da na ɗauke musu abin kallo. 'Yar farina ce ke da shi, ita kuwa tun daga yaye Gwaggo ta karɓe ta, da ma ba tawa ba ce a idon jama'a. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba sai an yi masa bayani. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanki kallon kaji za ki yi har wata ta zo ta ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma ni na riƙe ta da kyau, har ana misali da ni. “Yarinyar Gwaggo” nake ce mata. Bakina da ba ya raga wa kowa, a kan wannan yarinya ɗaya ya shekara goma sha tara a ɗinke.

A gari na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a goshi, ina zaune a kan bencin da 'yan firamare suka tashi suka bari da ɗumi. Ba don wani buri ba. Na gaji ne da dangwala yatsa a takardar da ban san me ta ce ba.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, matar wani ƙanin mijina ta kira ni a waya, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce yarinyar Gwaggo kwana huɗu ke nan ba ta yi bayan gida ba, ciki ya kumbura, tana amai kore, kuma Yaya ya ce wankin ne bai kai ba, yau za a ba ta kashi na uku. Na bar tallan a hannun maƙwabciya na hau mashin.

Bisa al'ada, abin da ya kamata in yi shi ne in tsaya a bakin ƙofa in gaida Gwaggo, in tambayi awaki, in tambayi ruwan sama, in ce “Ya mai jiki?” ina kallon bango. Na fara kuwa. Na kai kan awaki sai na ji nishinta daga ɗaki. Nishin ubanta ne, sak, har yadda yake katsewa a tsakiya. Na ɗaga labule na shiga. Tana naɗe kamar gammo, Gwaggo ta tallafi kanta, Yaya yana tsaye da kofin filasko yana hura shi.

Na ce, “Yaya, ajiye kofin nan.”

Ya dubi Gwaggo, bai dube ni ba, don wan miji da matar ƙani ba sa haɗa ido. Ya ce, “Gwaggo, wa ke magana?”

Gwaggo ta ce, “Mai daddawa ce. Ke, ba ki da kunya ne? 'Yar farin taki?”

Na ce, “Na yi kunyar shekara goma sha tara, Gwaggo, ga abin da ta saya mini. Ƙofa ta toshe, kuna ta ɗura ruwa ta sama, ta ina zai fita?”

Yaya ya ce wa bango, “A gaya mata wannan maganin da shi aka raini uban yarinyar.”

Na ce, “A gaya masa na sani, ni na yi takabar.”

Ban jira amsa ba. Na ɗora ta a bayana, budurwa mai tsawona, ƙafafunta na jan ƙasa. Matan gida suka leƙo suna riƙe baki, ba don ciwon ba, don an ga uwa ta goyi 'yar fari.

A asibitin gari suka taɓa cikin, suka saka mata ruwa, suka ce wannan sai babban asibiti, kuma yau. Hanyarmu kuwa kowa ya san yadda take a shekarun nan. Motoci na taruwa a jira rakiya, in an shiga dajin direba ya kashe rediyo, kowa ya kama salati da ido a kan bishiyoyi. Ni ranar ban ga bishiya ko ɗaya ba. Kanta na kan cinyata, ina ta kallon leɓen nan da ya bushe, ɗigon sun fito raɗau. Ban taɓa kallon fuskarta na tsawon haka ba. Ashe hancina ne da ita.

A babban asibitin, wurin yankan kati, saurayin da ke rubutu ya ce, “Sunan mara lafiya?” Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Harshe bai san hanyar ba. Ya sake tambaya da ƙarfi, yana zaton kurma ce. Na zare biron daga hannunsa na rubuta masa a gefen takarda, baƙi bayan baƙi, yadda malamarmu ta koya mana. Ya ce, “Ke wace ce a wurinta?” Na ce, “Ni na haife ta.” Ya rubuta ko ɗago kai bai yi ba. Maganar da ta fi ƙarfina shekara da shekaru, shi a wurinsa layi ɗaya ce a cikin kati.

Likitar mace ce, ba ta kai sa'ar ƙanwata ba. Ta danna ciki, ta sa aka ɗauki hoto, sannan ta haska fitila a bakin yarinyar ta tsaya. Ta banye leɓen kamar yadda Gwaggo ke yi. Na ce a raina, to, ga wata mai duba hatimi.

Ta ce, “Mama, akwai masu irin wannan ɗigon a danginku?”

Na ce, “A dangin ubanta. Har guɗa ake yi.”

“Masu shi suna ciwon ciki? Akwai waɗanda suka rasu da shi?”

Na fara jera mata, uban mijina, ƙaninsa, ƙanwar mijina, mijina. Ban kai ƙarshe ba na zauna a ƙasa. Ni da kaina na ji abin da bakina ke jerawa.

Ta yi mini bayani a tsaye, da sauri. Ta ce wata cuta ce ta gado da ba a cika samu ba, tana fitowa da ɗigo a leɓe da kuma tsiro a cikin hanji. Ɗigon ba ya cutar da kowa, alama ce kawai. Tsiron ne ke zubar da jini, in ya girma ya ja hanji ya shige cikin kansa kamar hannun riga, hanya ta toshe. In an bar shi shekaru yana iya juyewa sankara. Ta ce na yarinyar ya toshe, sai an yi aiki yanzu, kuma filaskon da aka ɗura mata saura kaɗan ya fasa hanjin. Na ce, “Ba guba ba ce?” Ta ce, “Wace guba?” Na ce, “Bar shi, ba ni takardar.”

Ina cikin karanta takardar izini wayata ta yi ƙara. Yaya ne, kuma a waya babu bangon da zai yi wa magana, dole ya yi da ni. Ya ce, “Ke, na ji wai yanka ta za a yi. Ban yarda ba. Ba a taɓa sa wa ɗan gidanmu wuƙa ba.”

Na ce, “Gaskiya ne, Yaya. Dukkansu da cikinsu a rufe kuka binne su.”

Ya ce zai tara dangi. Na ce ya tara, ya dafa musu filasko. Na kashe wayar na sa hannu.

Aikin ya yi kyau. Washegari likitar ta nuna mini abin da aka ciro, a cikin kwalba. Girman ƙwan kaza, gurmitse-gurmitse kamar gwandar daji, da ɗan wuya siriri, sai wasu ƙanana uku a gefensa. Na daɗe ina kallonsa. Wannan ne aka kori mata a kansa, aka daina cin tuwon wasu, aka ce mini mayya a bakin rijiya. Ko ido ba shi da shi.

Ta ce za a kai shi ɗakin gwaji a tabbatar bai juye ba, wannan dole ne. Amma tana roƙon wani abu daban, in mun yarda: a bar mata ɗan yanki ta duba ƙwayoyin da ke zaune a jikinsa.

Na ce, “Ƙwayoyin cuta? Ai a gidan nan ba su da wurin zama, duk wata ake bi da su da kafso.”

Ta dafe kai. Ta tambayi sana'ata, na faɗa mata. Sai ta ja kujera ta zauna.

“Mama, in kin dafa kalwa kin surfe kin rufe, wa ke mayar da ita daddawa?”

Na ce, “Allah.”

“Haka ne. Da me?”

“Da ɗumi da kwana.”

Ta ce a'a, akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, bakteriya ake ce musu, su ke shiga kalwar su yi aikin, warin nan da yauƙin nan nasu ne. Na ce ashe shekara talatin ina da 'yan aiki ban taɓa yi musu sannu ba. Ta yi dariya ta ce cikin kowa ma cike yake da irinsu, kuma yawancinsu ba na cuta ba ne, su ke taya hanji sarrafa abinci, su hana miyagun samun wuri. Kafson da ake sha ba dalili ba ya tambayar wane ne na kirki, kowa yake kwashewa, sai masu taurin kai su rage su gaje gidan.

Na ce, “To su suka haifar da tsiron?”

Ta ce a'a, tsiron gado ne, ko an wanke ciki sau dubu zai fito. Abin da take so ta gani shi ne ko waɗanda ke zaune a kan tsiron daban suke da na bangon hanji mai lafiya, kuma ko suna da hannu a girmansa ko juyewarsa, ko kuwa wuri kawai suka samu suka zauna. Na ce wanne ne a ciki? Ta ce, “Ban sani ba, Mama. Shi ya sa nake so in duba.”

Na yi rayuwa a cikin mutanen da ba su taɓa rasa amsa ba. Yaya ya san dalilin kowace mutuwa tun kafin a yi wa gawa wanka. Ga mai farar riga, ta yi karatun da ban san iyakarsa ba, tana ce mini ba ta sani ba. Nan take na yarda da ita.

Amma ta ce wannan takardar ba ni zan sa hannu ba, mai naman ce, tunda ta farfaɗo kuma ta mallaki hankalinta. Yarinyar ba ta iya riƙe takarda saboda allurar ruwa, sai na zauna a bakin gado na karanta mata, ina bin layi da yatsa, ina tuntuɓe a dogayen kalmomi. Ita ta yi firamare, tana gyara mini. Magana mafi tsawo da na taɓa yi da 'yata ke nan, a kan ƙwayoyin hanji. Da na gama ta ce, “In zai hana a ba wani filasko, su ɗauka duka.” Ta sa hannu.

Kwana uku sai ga Yaya da Gwaggo. Gwaggo ta faɗa kan gadon tana kuka, kukan gaske, domin ita ta yi ta tashi da yarinyar nan tun tana fitsarin kwance, wannan ba zan ƙwace mata ba. Yaya kuwa da jarka ya zo, an naɗe ta a buhu, na san warin tun daga ƙofa. Ya ce a kira masa likita. Ya ce naman da aka cire na gidansu ne, a ba shi ya kai gida ya binne, ba a barin jikin Musulmi a kwalba.

Likitar ta gaishe shi da ladabi, ta ce in an gama gwaji za a ba su abin da ya rage su binne. Tana magana tana kallon bakinsa. Sai ta ce, “Baba, ɗan buɗe baki in gani.”

Mutumin da ya shekara sittin yana tura leɓe gaba a taron suna, sai ga shi ya tsotse shi ciki kamar mai shan tsamiya. Ta ce shi ma ya kamata a leƙa cikinsa da na'ura, shi da duk mai ɗigon a gidan, har yara. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce, “Likita, bar shi, shi kullum a wanke yake.” Ma'aikaciyar jinya ta karɓi jarkar ta ce ba a shigo da ita ɗakin marasa lafiya. Ya fita ya tsaya a baranda yana gadin abarsa har aka tashi 'yan dubiya.

Gwajin ya fito, bai juye ba. Aka ba Yaya ragowar a ɗan ƙullin farin ƙyalle, na ji ya binne a bayan gida da addu'a, har da liman. Na kuma ji ya gaya wa dangi cewa abin da mai daddawa ta zuba ne ya dunƙule, asibiti suka ciro. Ban je na musa ba. Har yau bai je an leƙa shi ba, tukunyar kuma tana hawa murhu duk wata, sai dai an ce kofuna sun ragu, wasu matan kan ce yaransu sun tafi aike.

Yarinyar ba ta koma gidan ba. Ita ta zaɓa, ta ce wa Gwaggo za ta riƙa zuwa ranar Juma'a, kuma tana zuwa. Likita ta gaya mana tun farko cewa ba warkewa aka yi ba, tsiron zai sake fitowa, abin da ake so a riƙa riga shi. An ba ta kati da ranar komawa, na ajiye shi a ƙasan adaka, ina fito da shi ina dubawa kamar ranar za ta gudu.

Da ranar ta zo ta ce in zauna, ita kaɗai za ta je. Kwana biyu tana can, an sa ta yini ba abinci, aka zura mata siririn tiyo mai kyamara. Ta dawo da la'asar a motar kasuwa, ta jefar da jaka, ta ce an samu biyu ƙanana kamar wake, an tsinke su ta cikin tiyon, ba wuƙa ba ɗinki.

Na ce, “Ƙwayoyin fa? Kin tambayi likitar?”

“Na tambaya. Ta ce tana nan tana dubawa, mutum ɗaya bai isa a ce an gano komai ba. Wai tana bukatar masu irin ciwon da yawa.”

Na ce, “Da yawa? Ki ba ta kwatancen gidan Babanku, ta tafi da babbar mota.”

Ta yi dariya har ta riƙe wurin tsohon ɗinkin. Sannan ta ce yunwa take ji, kuma an rubuta mata wata ranar. Na ce ta miƙo katin tukuna.